Ta Ce Albarka

Zuwa ga Ummi, 'yata mai sunan uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina kuma roƙon Allah ya kai ki Hawata lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki a asibitin da aka tura ki. Na cusa takardar nan a jakarki ƙarƙashin fararen rigunan aikinki, don na san ba za ki gan ta ba sai kin sauka. Da baki na so in yi miki maganar, amma kin san ni da ke in mun zauna, ki ce in ce, ba mai barin wani ya kai aya. Mahaifiyarki ta ce duk cikin 'ya'yana ke kika gaji bakina, kuma ba yabo take nufi ba.

Shekaranjiya muna shan shayi a rumfa na ji kina gaya wa ƙannenki cewa kuɗin da mijinki ya tara a Saudiyya, ya damƙa miki ki saya muku gida a Hawata, ba dillalin da zai ga ko ƙwandala a ciki. Kika ce ciniki za ki yi irin na Baba, wanda ya sayi gidan nan da kusan rabin kuɗinsa. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma shayin bai ƙara yi mini daɗi ba. Ni na ba ku wannan labarin shekara da shekaru, kuma rabinsa kawai na ba ku. Ba na so ki tafi da gumin bawan Allah a hannu da rabin labari a ka, shi ya sa na zauna rubutu.

Lokacin da na fara neman gida ina wakilin wata gona a Simsim, muna haya a ɗaki biyu ni da mahaifiyarki. Shekarar riɗi ya yi kyau, mai gonar ya cika mini alkawari, na dawo Gadarif da kuɗin da ban taɓa riƙe irinsu ba. Dillalin da na fara samu ɗan unguwarmu ne, masallaci ɗaya muke salla, Hausa muke yi da shi, har gidanmu yana zuwa cin tuwo. Na ɗauka nawa ne. Ya nuna mini wani gida, ya faɗi kuɗinsa, ya ce wani ɗan kasuwa na nan tafe da kuɗi a buhu, in ban ba da arbun yau ba gobe sai labari. Na ba da arbun, wato kafin alƙalami, ban ko ga mai gidan ba. Bayan kwana uku na gamu da mai gidan a wajen wata jana'iza, hira ta kawo hira, sai na ji abin da ya nema bai kai abin da aka gaya mini ba ko kusa. Ashe mai gidan ce wa dillalin ya yi ya kawo masa kuɗi kaza cif, duk abin da ya hau kai na dillalin ne. Ga wannan, ga kuma goron da yake jira daga hannuna. Na yi fushi na fasa, arbun ɗina ya bi ruwa, don wanda ya fasa shi ke asara.

Na daɗe ina zagin mutumin nan, amma laifin rabi nawa ne, don ban tambaye shi tambaya ɗaya da ta kamata ba: wa ke biyanka, kuma nawa? Ki riƙe wannan, Ummi. Dillali ba albashi yake ci ba. La'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, in bai faɗa ba yawon da ya yi a rana ya tashi a banza. Saboda haka ko mutumin kirki ne, zuciyarsa tana wajen a gama, taki kuwa ya kamata ta kasance wajen a gama daidai. Kuma wanda ya biya shi, shi yake wa aiki, ko da harshenku ɗaya. Kada ki ba da arbun sai kin zauna da mai gida ido da ido kin ji kuɗin daga bakinsa. In aka ce miki yau ko gobe, ki ce gobe. Riɗi ne in an yi jinkirin yanka yake fashewa ya zube, gida kuwa yana nan inda aka gina shi.

Kuskurena na biyu daga na farkon ya fito. Na yanke cewa dillalai duk ɓarayi ne, ni kuma na yi wayo. A lokacin akwai wani dattijo Balarabe, Hajj Tayyib, simsar ne kamar yadda suke cewa, yana zama gindin wata bishiya kusa da kasuwar amfanin gona da 'yar butar gahawarsa. Na je wajensa ya zaga da ni filaye biyu cikin rani. Ɗaya mai tsada a kan tudu, ɗaya mai araha a gangare, shimfiɗaɗɗe, gwanin sha'awa. Ya ce mini na gangaren kada in saya sai na gan shi da damina. Ni kuwa na ce a raina, tsoho ya ga la'adar mai tsada ta fi tsoka. Na yi masa godiya, na zaga ta bayansa na sami mai filin, muka gama ba tare da shi ba. Na dawo gida ina taƙama na tsira da la'ada, na kafa guttiya biyu, wato ɗakunan nan zagayayyu masu jinka, na kewaye da zana.

Ruwan farko bai yi kome ba. Na huɗu ne ya nuna mini cewa a hanyar kor, wato rafin da ke tasowa da damina, na yi gini. Baƙar lakar nan tamu ta sha ruwa ta kumbura, rani ya zo ta tsage, bango ya bi ta. Tukwanen mahaifiyarki har gonar maƙwabta aka tsinto su. Na sayar da filin da asara, garin neman ƙiba na samo rama. Watanni ina kauce wa bishiyar Hajj Tayyib, har ranar da ya hango ni ya kira ni da sunana, ya zuba mini gahawa. Bai yi mini gori ba. Cewa kawai ya yi la'adar da na hana shi kor ya karɓa, shi kuwa kor ba ya ragi.

A nan na gane abin da ake saye da la'ada. Ba nuna ƙofa ba ne, wannan ko akuya ta iya. Sanin ƙasa ne, da sanin wane gida ke da rigimar gado, da wane ne takardarsa ke jingine a banki, da wane maƙwabci ne ba a zama da shi. In kin sami dillali mai irin wannan sani, ki biya shi haƙƙinsa da fara'a, kada ki zaga ta bayansa kamar yadda ubanki ya yi. Hawata a bakin kogin Rahad take. Ki tambayi tsofaffin matan unguwa inda ruwa ke tsayawa a shekarar da ya cika, ki dubi gindin bango da kanki, ki nemi shahadar bahas, wato takardar binciken mallaka, sabuwa daga ofishin filaye ki ga sunan wa ke kai, sannan kome ya gudana a gaban lauya.

Abin ma ya sake yanzu, ba kamar zamaninmu ba. Da, a unguwarmu, mai gida ke ba da la'ada, mai saye ya ba da goro gwargwadon zuciyarsa. Yau dillalai sun buɗe ofisoshi sun kafa alluna, suna kiranta umula, kuma da yawansu hannu biyu suke karɓa, mai saye da nasa kason, mai sayarwa da nasa. Wani ba zai tashi daga kujera ba sai kin biya kuɗin mishwar, wato na kai ki ki gani. Wani sai kin sa hannu cewa in kin sayi gidan da ya nuna miki, ko bayan wata nawa ne, haƙƙinsa na nan. Da na fara jin haka tsaki na yi ta yi, na ce an mai da amana takarda. Daga baya na tuna abin da na yi wa Hajj Tayyib, na ce ai irina ne suka jawo. Takardar ma alheri ce gare ki, don yadda ta ɗaure ki haka ta ɗaure shi. Ki karanta ta a zaune. A rubuta nawa ne, wa zai biya, kuma ba a biya sai suna ya koma naku. Kada a ce miki haka doka ta yanke ki yi shiru, ki nemi a nuna miki, in ba a nuna ba to abin ciniki ne kamar kowane. Ki kuma sa nata kason cikin lissafinki tun farko, kada ki ƙarar da kuɗin a kan gida a zo ana neman umula kina kallon sama.

Sai kuma waya. Hoton gida ɗaya za ki gan shi a hannun dillalai biyar, kowa ya karɓo daga wani ya ɗora nasa, na ƙarshen bai san ko ƙofar gidan gabas take kallo ba. Ki tambaye shi ko ya taɓa gaisawa da mai gidan. Kuɗin gida kuma ba a tura su ta waya zuwa asusun dillali, sai na wanda sunansa ke kan takarda. Waɗannan duk na san za ki iya, wataƙila ma kin fi ni saninsu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wanda zan faɗa yanzu.

Shekara biyu bayan kor, na sake tara abin da na tara, mahaifiyarki tana da cikinki wata bakwai. Na koma wajen Hajj Tayyib da kaina a ƙasa, ya kawo ni gidan nan. Mai gidan wata tsohuwa ce, Gwaggo Kande. Da ƙuruciyarta ta taso daga yamma ita da mijinta, a ƙafa, za su Makka. Guzuri ya ƙare a Gadarif, suka ce su yi noman shekara ɗaya su wuce. Shekara ɗayar nan ta zama arba'in, mijin ya rasu, 'ya'ya ba wanda ya rayu. Da ƙosai take ci da kanta, Larabcinta bai wuce na ba da canji ba. Gidan take so ta sayar ta ƙarasa tafiyar da ta faro, kuma kuɗin da ta sa masa daidai kuɗin hajjinta ne da ɗan abin da za ta dawo ta lallaɓa. Maƙwabciyar da kan yi mata tafinta ta tafi Basunda ta'aziyya. Hajj Tayyib ya ce ba kome, ai mai sayen ma Bahaushe ne.

Muka zauna da hantsi a gindin darbejiyar nan da kike shanya a jikinta, da shaidu biyu abokansa, su ma ba sa jin Hausa. Na taya ƙasa sosai, kamar yadda ake buɗe ciniki, ina jiran a ja a ja. Tsohuwa ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai ta ce, "Albarka."

Kin san mu, in mai kaya ya ce albarka, ya ƙi ke nan cikin ladabi, sai a ƙara. Larabawa kuwa in mai kaya ya ce Allah yibarik lek, ya sallama, in zai ƙi yiftah Allah yake cewa. Hajj Tayyib ya ga murmushi, ya ji kalmar da ya sani, ya juyo ya tambaye ni, "Galat shinu, ya Adam?" Me ta ce?

Na ce, "Galat baraka." Wato ta ce albarka.

Ban ƙara harafi ba, ban rage ba, kuma a rayuwata ban taɓa yin ƙarya mai girman wannan ba. Ya ɗaga hannu ya ce Fatiha, shaidu suka ɗaga, ni ma na ɗaga. Tsohuwa ta dubi hannayen maza huɗu a sama, a hankali ita ma ta ɗaga nata. Da aka shafa ta dube ni ta ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Ɗan nan, kai dai ka ji ni." Na yi kamar ina neman takalmina. Washegari ta dangwala yatsa a gaban lauya. Daga baya ta gaya wa mahaifiyarki cewa ita wace ce da za ta warware Fatiha a gaban maza.

Na dawo ina ba da labari da fahari, har da kwaikwayon muryar Hajj Tayyib. Mahaifiyarki tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Albarka da wane baki, namu ko nasu?" Na ce ciniki ai ciniki ne, an yi shaidu an yi takarda. Ta ce to madalla, in tare ni kaɗai, ita a ɗakin haya za ta haihu, ba za ta binne cibiyar ɗanta a ƙasar da mai ita ta ce a'a ba. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kai ƙarata wajen kowa ba. Abinci yana zuwa a kan lokaci, ruwan wanka yana zuwa, amma akwatunan da na sayo don tarewa suna nan wayam, kullum sai na yi tuntuɓe da su. Kwana goma sha biyu muka yi a haka, ni ina fushi da ita don ta fi ni gaskiya.

Ba ita ta tona ni ba, albasa ce. Hajj Tayyib ya je sayen albasa wajen wata Bahaushiya a kasuwa, ya taya, ta ce albarka, ya kai hannu zai ɗauka, ta make masa hannu. Aka yi dariya, aka fassara masa. Ya ce ko albasar bai saya ba. Bayan la'asar sai ga shi a ƙofar ɗakin hayarmu. Na shimfiɗa tabarma ya ƙi zama, aka kawo ruwa ya ƙi sha, kin kuwa san abin da wannan ke nufi a ƙasar nan. Ya ciro hankici a ɗaure, la'adarsa ce cif, ya ajiye a kan tabarmar.

Ya ce, "Ya waladi, shekara talatin ina wannan sana'a. An ce mini ɓarawo, an ce maƙaryaci, ban damu ba. Amma ba wanda ya taɓa sa ni shafa Fatiha a kan a'a sai kai. Umula kuɗin yardar mutum biyu ce. A cinikin nan mutum ɗaya ne ya yarda."

Ummi, na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Takarda tana hannuna, ba kotun da za ta karɓe gidan, shi ma ya san haka. Amma ga tsoho a tsaye da ƙishirwa, ga mahaifiyarki a bayan labule tana ji. Na sa takalmi muka tafi mu uku. Mun sami Gwaggo Kande tana ɗaure 'yan komatsanta, don wata guda aka ba ta ta tashi. Na durƙusa na faɗi abin da na yi da bakina, da Hausa sannan da Larabci. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ta san zan dawo, abin da ba ta sani ba shi ne ko kafin jirgin alhazai ya tashi ko bayansa.

Aka sake ciniki daga farko a gindin darbejiya. Wannan karon mahaifiyarki ce tafinta, kalma kalma take juya wa Hajj Tayyib, har tarin tsohuwa sai da ta kusa fassarawa. Sau uku Gwaggo Kande tana cewa albarka, shi kuma yana dariya yana cewa in ƙara. A na huɗu ta ce, "Na sallama." Kuɗina ba su kai ba ko da na haɗa da dawar da na ajiye ta shekara. Hajj Tayyib ne ya kawo mafita, ya ce guttiyarta ta kusurwa ta zama tata muddin ranta, a rubuta haka a takarda, a cire daga kuɗin. Da aka gama tsohuwa ta tura masa hankicinsa ta ce ya ɗauki haƙƙinsa, yanzu ya halatta. Ya ɗauka, muka cika masa abin da ya ƙaru, ya ƙirga a gaban kowa, sannan ya ce a ba shi ruwa.

Ta yi hajjinta a shekarar. Ta dawo ta tarar an haife ki a gidan nan. Ita ce Hajja ta kusurwa da ta goya ki, wadda kike kira Kaka, wadda kika yi kwana uku ba ki ci abinci ba da ta rasu kina shekara bakwai. Kin taɓa tambayata ta ina muka haɗa dangi da ita, na ce ta wajen gida. Wannan ma irin amsar da na ba Hajj Tayyib ce. Gidan nan ban saye shi da rabin kuɗi ba, da cikakken kuɗinsa na saya, har muka ci dawar aro shekara guda. Labarin rabin kuɗi na ranar farko ne, na riƙa ba ku shi don ya fi daɗin faɗa, mahaifiyarki kuma ta rufa mini asiri tana jiran ranar da zan gyara da kaina. Tana nan zaune kusa da ni yanzu, ta ce in rubuta cewa ta gaji da jira.

To ga shi na gyara. Ina gode wa Allah da ya haɗa ni da mutum uku da suka fi ni: dillalin da ya ƙi cin la'adar a'a, da matar da ta ƙi tarewa, da tsohuwar da ta yafe. Ba don su ba da a gidan ƙwace na tarbiyyantar da ku, ina kuma yi muku wa'azin halal. Kullum na shiga inuwar darbejiyar nan sai na yi wa biyun da suka riga mu addu'a, ta ukun kuwa ina gode mata a zuci don in na faɗa a fili sai ta shekara tana tuna mini.

Hawata gari ne na harsuna da yawa, kuma ba kowa ke sayar da gida don daɗi ba. Wani ciwo ne, wani damina ce ta ƙi, wata gado aka raba aka bar ta da ɗaki. Ke kina da Hausa, kina da Larabci, kina da karatu, ga baki. A wajen cinikin nan ba ke ce abin tsoro a cuta ba kawai, ke ma kina iya zama wadda za a ji tsoro. In mai gida bai ji harshen da ake ciniki da shi sosai ba, ki nemo masa tafinta nasa wanda ba shi da ko sisi a cinikin, kada ki yarda ki zama ke ce bakinsa. Kafin a ɗaga hannu a yi Fatiha ki tambaye shi sau biyu ko ya sallama. In gida ya yi araha fiye da kima, ki tsaya ki tambayi kanki wa ke biyan ragowar. Ki ja ciniki iya ƙarfinki, haƙƙin mijinki ne, amma kada ki yi irin na Baba. Ki yi irin na uwarki.

Na san wataƙila in kin gama karantawa zan ragu a idonki. Na daɗe ina tsoron haka, shi ya sa na kai yau. Amma gara in ragu ki sayi gidan da za ki yi barci a cikinsa da daɗi, da in ci gaba da zama gwani ki bi sawuna.

Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na ruwa da na mutum, ya sa hannunki ya zama waraka ga marasa lafiyar da za ki taɓa, ya ba ku gida mai maƙwabtan kirki, ya dawo da mijinki lafiya ya same ki a ciki. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, Ummi. Wannan ba irin ta kasuwa ba ce. Da ta kasuwa zan yi, da na faɗe ta tun ranar da takardar Hawata ta zo, don ba tayin da zai sa in rabu da ke. Amma na sallama, ki sauka lafiya.

Mahaifinki,
Adamu
Gadarif